Haƙar Kwal Da Haƙƙin Daji: Jan Kunne Ga Matan Tambuwal Da Kebbe

Yau zancen haƙar ma'adinai na kawo muku, musamman haƙar kwal, da yadda ake kiyaye daji da namun da ke cikinsa sa'ad da ake haƙar, da kuma yadda ake gyara ƙasa bayan an gama. Na san da jin haka wata za ta ce, "Ai wannan maganar maza ce, ina ruwan mai tuƙa tuwo da ita?" To, 'yar'uwa, dubi tukunyar miyarki. Daddawar da ke ciki daga ɗorawa ta fito, kukar da kika kaɗa daga bishiya aka ɗebo ta, man kaɗe daga kaɗanya, itacen da ke ci a murhu daga daji, ruwan kuwa daga rijiya ko gulbi. Duk abin da ya taɓa daji, murhun mace yake fara isa tun kafin ya kai zauren maigida.

Mahaƙan kwal da ake aiki cikinsu suna da nisa da mu, amma zancen haƙa yana ta matsowa. A gabas da mu, a Jihar Zamfara, Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a 2019, sa'an nan ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. A arewa da mu, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wadda ke iyaka da Jihar Sakkwato, an gano kwal mai yawa a Salkadamna, kuma gwamnatin ƙasar ta daɗe tana shirin haƙarsa don samar da lantarki. A nan gida kuwa kowa ya ga ramukan da masu aikin hanya ke bari in sun ɗebi marmara, da wuraren da tifofi ke kwasar yashi a bakin gulbi. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gara mu san abin tun bai zo ƙofar gida ba.

Mene Ne Kwal?

Kwal wani baƙin dutse ne mai cin wuta. Asalinsa itatuwa ne da ciyayi na fadamun zamanin da can, waɗanda suka mutu suka nutse cikin laka, ƙasa ta yi ta hawa kansu miliyoyin shekaru, nauyi da zafi suka matse su har suka zama dutse. Ya bambanta da gawayin da muke saye a kasuwa, wanda ake ƙona ɗanyen itace a samu.

A Nijeriya an fara gano shi a Udi kusa da Inugu a 1909, a 1916 kuwa jirgin ƙasa ya fara jigilarsa zuwa Fatakwal. A ƙarshen shekarun 1950 ana fitar da kusan tan dubu 900 a shekara, yawancinsa don jiragen ƙasa da injinan lantarki. Da jirage suka koma shan man dizal, ga kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sai aikin ya durƙushe. A wannan zamani masana'antun siminti ne suka sake ta da shi, domin tanderunsu yana bukatar wuta mai tsanani. Shi ya sa aka buɗe mahaƙar Maiganga a Ƙaramar Hukumar Akko ta Jihar Gombe wajen 2007, don kamfanin simintin Ashaka, har aka ta da ƙauyen aka sake masa mazauni. Akwai waɗansu mahaƙan a ƙasar Ankpa ta Jihar Kogi. A Nijar kuwa kamfanin Sonichar, wanda aka kafa a 1975, yana haƙar kwal a Anu Araren, arewa da Agadas.

Haƙar iri biyu ce. In kwal yana can ƙasa da zurfi, sai a yi rami a bi shi kamar gidan gara, yadda aka yi a Inugu. In kuwa yana kusa da sama, sai a kawo katafila ta share duk abin da ke bisa, itace da ciyawa da ƙasa, a buɗe rami mai faɗin gonaki da yawa. Irin wannan ake yi a Maiganga da Anu Araren, kuma ita ce ta fi cin daji.

Abin Da Daji Ke Rasawa

Ina so ku lura da abu guda: dabba ba ta rayuwa a sarari kawai, sai da gida da abinci da hanyar zuwa ruwa. Gada tana fakewa cikin sabara da geza. Zabon daji da fakara a ƙasa suke ƙwai, cikin ciyawa, da damina. Damo da guza da bushiya suna da ramukansu. Gaiwa kuwa, in fadama ta ƙafe, sai ta shige cikin laka ta naɗe, ta yi barci har ruwa ya dawo. Ranar da katafila ta bi ta wurin, masu ƙafa da fiffike za su gudu, amma ƙwai da 'yan tsaki da na cikin rami nan za su ƙare. Waɗanda suka gudu ma sai su tarar dajin gaba yana da masu shi, ga mafarauta sun samu sabuwar hanyar mota har tsakiyar kurmi.

Wata za ta ce, to, in zomo ya tafi, me ya rage mu da shi? Ga amsa. Furen ɗorawa da na kuka da dare suke buɗewa, kuma jemage ne babban mai ɗaukar garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan. In aka sare manyan itatuwan da jemagu ke kwana, sauran ɗorawar da aka bari ba za ta yi 'ya'ya yadda ta saba ba, kalwa ta yi tsada. Kaɗanya kuwa ƙudan zuma ne ke yi mata wannan aiki. Shamuwa da balbela suna cin fara da ƙwarin gona. Mujiya, wadda ake tsoro a banza, ɓeraye take kamawa, masu ɓarnar rumbu. Ungulu tana share mushe kafin ya yi ɗoyi ya jawo cuta, ga shi tun 2015 masana na duniya sun sa irin ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Gauraka, wadda Nijeriya ta ɗauka tsuntsuwar ƙasa, a cikin ciyawar fadama take sheƙa, kuma da fadamu suka ragu ta yi wuyar gani ƙwarai. Ku tambayi kakanninku yaushe rabonsu da jin kukanta.

Har wa yau akwai zancen lokaci. Katafila tana tuge kaɗanya cikin minti kaɗan, alhali kuwa kaɗanya ba ta fara 'ya'ya sai ta kai shekara 15 ko kusa da haka. Watau yarinyar da aka haifa ranar da aka dasa ta, sai ta isa shiga babbar sakandare kafin uwarta ta tsinci ƙwara ɗaya a gindinta.

Maganar Ruwa

Babbar illar kwal a ruwa take. A cikin kwal da duwatsun da ke tare da shi akwai wani ma'adini mai haɗe da ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa. Amma da zarar an tono shi ya sha iska, ruwan sama ya zuba a kansa, sai ya haifar da ruwa mai tsami, ɗan'uwan ruwan batir, wanda ke narkar da ƙarafa ya kwashe su zuwa rafi. Alamarsa ita ce ruwa ya koma ja kamar tsatsa, duwatsun rafi su yi rawaya, kifi da kwaɗi su ɓace. A Inugu ruwan tsohuwar mahaƙar Onyeama ya daɗe yana malala cikin kogin Ekulu, shekaru bayan an daina aiki a cikinta. Rami kuma in ya yi zurfi yakan janye ruwan ƙasa, rijiyoyin da ke kewaye su ja baya.

Ku tuna yadda ƙasarmu take. Gulbin Zamfara ya biyo ta ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, ya ratso ƙasar Kebbe, ya wuce Jega kafin ya haɗu da gulbin da ya fito daga Sakkwato. Ruwa bai san iyakar jiha ba. Abin da aka zuba masa a sama, mu ne za mu wanke shinkafa da shi a ƙasa, shi shanu za su sha, a cikinsa masunta za su kama tarwaɗa da karfasa.

Wannan cuta tana da magani, kuma maganin yana kusa da mu. Dutsen farar ƙasa, irin wanda ake fasawa a Kalambaina tun da masana'antar simintin Sakkwato ta fara aiki a 1967, yana kashe tsamin ruwa, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Mahaƙa ta gari takan tara ruwanta a tafkunan da ta gina, laka ta kwanta, a zuba farar ƙasa, a auna, sa'an nan a sake shi. Duwatsu masu tsamin kuwa a binne su can ƙasa, a rufe da yumɓu yadda iska ba za ta kai gare su ba.

Darasi Daga Maƙwabta

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 zinariya ce ta jawo shi, amma darasinsa ya shafi kowace irin haƙa. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, maza suka riƙa kawo duwatsun zinariya gida, ana daka su ana niƙa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai kuma suka sha gubar. Abin lura shi ne, tun kafin a gane abin da ke kashe yara, agwagin ƙauyukan sun riga sun fara mutuwa. Da an san ma'anar wannan alama, da an yi saurin neman taimako. Kun ga dabba ma'auni ce: abin da ya kashe agwagwa yau, yana kan hanyarsa zuwa ga ɗan goye.

Gyaran ya ci wahala da kuɗi. Sai da aka bi gida gida ana kankare ƙasar sama ana kwashewa zuwa ramin da aka tanada, ana kawo sabuwa mai tsabta ana shimfiɗawa, kana likitoci suka iya ba yara magani, domin ba amfani a yi wa yaro magani ya koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Bagega ba ta samu nata gyaran ba sai a 2013. A 2015 kuma irin wannan masifa ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Darasi na biyu daga Jos yake. Kamfanonin Turawa sun shekara da shekaru suna haƙar kuza a can, suka bar ɗaruruwan tafkuna da tsibin ƙasa. Dokar ma'adinai ta 1946 ta kawo zancen gyara wuraren da aka haƙa, aka baje waɗansu aka dasa itacen turare. Wurin ya yi kore a ido, an kuma samu itacen gini da na wuta. Amma turare baƙo ne: dabba ba ta cin ganyensa, ba ya 'ya'yan da tsuntsu ko mutum zai ci, ciyawa kuma ba ta sakewa a gindinsa. Tafkunan kuwa, waɗansu sun zama abin noman rani, waɗansu masu gangare kamar rijiya sun ci rayukan mutane da dabbobi. Saboda haka in an ce muku an gyara wuri, ku tambaya da wane irin itace, kuma wa ya dawo ya zauna cikinsa.

Yadda Ake Gyara Na Ƙwarai

Gyaran ƙasa tun ran gini tun ran zane ne, watau ana shirya shi tun kafin a kafa diga. Ga yadda masana suka tsara shi.

Na farko, a zaga wurin damina da rani, a rubuta itatuwa da tsuntsaye da dabbobin da ke ciki, da mashaya, da burtalin shanu. Wanda bai san abin da ke wuri ba, ba zai san abin da zai mayar ba.

Na biyu, a keɓe wuraren da ba za a taɓa ba ko kaɗan: bakin gulbi, da fadama, da kurmin da ke da manyan itatuwa, da maƙabarta. A bar zirin daji da zai haɗa wannan kurmi da wancan, domin dabba ta samu hanyar zuwa ruwa ba tare da ta ratsa wurin aiki ba.

Na uku, kada a yi share daji a lokacin da tsuntsaye ke kwanci. A share kaɗan kaɗan daga gefe guda, yadda masu gudu za su samu mafita, a kuma hana ma'aikata farauta da ɗana tarko.

Na huɗu, kuma shi ne uwa uba, a kwashe baƙar ƙasar sama a ajiye ta dabam. Wannan ƙasa, wadda kaurinta sau da yawa bai wuce taki ɗaya ba, ita ce ke ɗauke da irin ciyayi da saiwoyi da ƙananan halittun da ke sa shuka ta yi kyau, kuma kaurin inci ɗaya nata yakan ci ɗaruruwan shekaru kafin ya taru. Kowace mace ta san ba a zuba tsaba da dusa a kwando ɗaya bayan an sha wahalar sheƙa. Haka nan in aka cakuɗa ƙasar sama da jar ƙasar ƙarƙashi, an yi asarar ta ke nan. Tsibinta kada ya yi tsawo ƙwarai, a shuka masa ciyawa don kada iska da ruwa su kwashe, kuma kada ya daɗe a ajiye.

Na biyar, a riƙa cike rami ana tafiya. In an gama da yanki ɗaya, a mayar da duwatsu ƙasa, jar ƙasa a bisansu, baƙar ƙasa a sama, kafin a buɗe na gaba. A baje wurin ya yi kama da yadda yake a da, ruwa ya samu magudana. A Amurka an gane cewa in katafila ta danne ƙasa ta yi tauri, ciyawa za ta fito amma itace ba zai yi saiwa ba, saboda haka ƙasar sama a sake ake barinta.

Na shida, a shuka na gida. A fara da ciyawa irin su gamba da kyasuwa don su riƙe ƙasa, sa'an nan sabara da kalgo da bagaruwa da magarya da aduwa, kana gawo da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka. Inda ƙasa ta zama faƙo, akwai dabarar da manoman jihar Tawa suka ƙware a kanta tun ƙarshen shekarun 1980, watau tassa da rabin wata: a haƙa ƙananan ramuka a zuba taki, ko a yi kunya mai siffar jinjirin wata ta tare ruwan sama. A killace wurin daga awaki shekara biyu ko uku, a kuma yi masa share-wuta.

Na bakwai, in dole a bar tafki, a kwantar da bakinsa yadda yaro ko saniya in sun shiga za su iya fita, a auna ruwansa, a bar ciyawa ta fito a gefe don tsuntsayen ruwa.

Daji Yana Dawowa In An Ba Shi Dama

Kada wannan bayani ya karya muku zuciya. A ƙasar Maraɗi, bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1980, manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon su sare duk tohon da ya fito daga kututture a gona, sai su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su riƙa yi musu aski. Da wannan dabara, wadda ba ta bukatar kuɗi, an ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, mata kuma suka huta da doguwar tafiya neman itacen girki.

A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su kai 50 ba a 1996. Da aka hana kashe su, aka kuma sa mutanen ƙauyuka cikin aikin tsaronsu, kafin 2020 sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. A Amurka kuwa, dokar 1977 ta tilasta wa mai haƙar kwal ya ajiye kuɗin jingina kafin ya fara, ba za a mayar masa ba sai ya gyara wurin. A jihar Kentaki, tsakanin 1997 da 2002, an saki wata irin babbar barewa mai ƙaho rassa rassa, wajen 1,500, a tsofaffin mahaƙan kwal da aka gyara, suka hayayyafa har suka kai dubbai.

Abin Da Doka Ta Ce

A Nijeriya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ita ke ba da lasisi. Amma doka ba ta bar mutanen gari hannu rabbana ba. Dokar 1992 ta ce kafin a fara babban aiki irin wannan sai an binciki illar da zai yi wa ƙasa da ruwa da jama'a, a rubuta rahoto, a ajiye shi inda kowa zai iya karantawa har kwana 21 na aiki, mai ƙorafi ya kai ƙorafinsa. Dokar ma'adinai ta 2007 kuwa ta ce mai haƙa ya biya diyyar gona da amfanin gona da itatuwa masu amfani, ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen gari kan abin da zai yi musu tun kafin ya fara, a kuma sake duba yarjejeniyar bayan kowace shekara 5. Ta wajabta masa gyara wurin da ya haƙa, ta tanadi asusun da zai riƙa zuba kuɗin gyaran, ta kuma hana shi ɓata ruwan da jama'a ke amfani da shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin zaman yarjejeniya. Galibi maza ne ke zama a ƙofar fada, su kuwa gona da hanya da makaranta suke tunawa. Kaɗanyar da ke cikin saura, wadda mata goma ke tsinta a gindinta, ba mai ambatonta. Haka kuma wurin yankan kaba, da wurin ɗiban yumɓun tukwane, da rafin wanki. Abin da ba a rubuta ba kuwa, ba a biyansa, ba a kuma mayar da shi.

Namu Aikin

To, 'yan'uwa, ga abin da za mu iya, ko muna cikin kulle ko muna fita. In kika ji ana zancen baƙi sun zo auna daji, ki zauna da maigida bayan ya ci abinci ya huta, ki roƙe shi ya kai waɗannan tambayoyi gaban mai gari ko hakimi. Ina takardar izninsu? Ina rahoton binciken, kuma wa ya karanta mana shi da Hausa? Ina za su ajiye ƙasar sama? Ina ruwan raminsu zai bi? Wane itace za su dasa, wa zai yi renonsa, har shekara nawa? Nawa suka ajiye na gyara in sun tashi? Waɗannan tambayoyi sun dace da mai kwal, sun dace da mai zinariya, sun kuma dace da ɗan kwangilar da ya zo ɗiban marmara, domin kududdufin da ya bari a bakin hanya shi ke tara sauro da katantanwar da ke kawo tsargiya.

Ƙungiyoyin mata, na adashi da na makarantun yaƙi da jahilci, su zaɓi dattijuwa biyu ko uku masu bakin magana, su nemi a saurare su kafin a sa hannu a kowace takarda. Kuma kada mu yarda a shigo mana da dutsen haƙa cikin gida, ko a daka shi a turmin abinci, ko a wanke tufafin mahaƙa tare da na yara. In kaji ko agwagi suka fara mutuwa ba dalili, ko ruwan rafi ya sake launi, a gaya wa malamin asibiti da malamin dabbobi tun da wuri.

Ku kuwa 'yan makaranta, daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har Kuchi, ga aikin da ya dace da ku. Kowace ta samu littafin rubutu guda ta mai da shi littafin dajin garinsu. Ki rubuta sunan kowane babban itace da inda yake, da watan da yake fure da watan da yake 'ya'ya. Ki rubuta ranar da kika fara ganin shamuwa a bana, da irin tsuntsayen da ke sauka a fadama da kaka. Ki zauna da kakarki ta faɗa miki namun dajin da ta sani tana yarinya, ki sa alama a kan waɗanda ba a gani yanzu. Ku roƙi malamarku a ba ku kusurwa a lambun makaranta, ku tara kalwa da ƙwarar kaɗanya da 'ya'yan tsamiya ku yi renonsu. Ƙwarar kaɗanya dai a shuka ta tana sabuwa, domin in ta bushe ba ta tsira. Ranar da aka zo lissafin abin da ke cikin daji, garin da ke da irin wannan littafi ba za a ce masa wurin fili ne kawai ba. Wadda kuma ta ji sha'awar abin, ta dage da karatun kimiyya, domin ana koyar da ilmin gandun daji a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ƙofar kuwa a buɗe take ga mata.

Ba wanda ke ƙin arzikin da ke cikin ƙasa. Muna son lantarki, muna son siminti, muna son 'ya'yanmu su samu aikin yi. Amma kwal in an kwashe ya tafi ke nan, mahaƙa takan yi shekara 20 ko 30 ta rufe, mai ita ya naɗe kayansa. Mu da jikokinmu ne za mu zauna da abin da ya bari, ko rami mai jan ruwa, ko saura mai ɗorawa da kukan fakara da asuba. Tun yanzu ake zaɓa, kuma da bakinmu a ciki.

Wadda ke da tambaya, ko labarin wani rami da aka bari a garinsu, ta rubuto wa wannan fili. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa. Haza wasalam.